Sanarwar Bayan Taro Kan Rashin Haihuwa Tsakanin Ma'aurata da Hanyoyin Neman Magani

Gabatarwa

Ƙungiyarmu, wadda ta haɗa likitocin mata, likitocin mafitsara da lafiyar maza, ungozomomi, ma'aikatan jinya da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, ta gudanar da taronta na shekara a birnin Kano. A bana an keɓe zaman gaba ɗaya ga batu guda: rashin haihuwa tsakanin ma'aurata, abubuwan da ke jawo shi da hanyoyin maganinsa. Ban da mambobi, taron ya samu halartar malaman addini, wakilan sarakuna, shugabannin ƙungiyoyin mata, masu maganin gargajiya da 'yan jarida, sai kuma wasu ma'aurata da suka amince su faɗi abin da suka sha, bisa sharaɗin a sakaya sunayensu.

An gabatar da muƙaloli, an yi tambayoyi, an kuma tafka muhawara. Abin da bakin mahalarta ya zo ɗaya a kansa shi ne: rashin haihuwa lalura ce ta mutum biyu, amma a gidajenmu mace kaɗai ake turawa neman magani, ita kaɗai kuma ake ɗora wa laifi. Wannan ɗabi'a tana cinye shekaru da dukiya, tana kashe aure, tana kuma hana warkewa a inda warkewar take da sauƙi. A kan wannan aka gina duk abin da ke tafe.

Abubuwan da taron ya lura da su

1. Girman matsalar. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi shida a duniya, wato kashi 17.5 cikin ɗari, yana fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Tsakanin ƙasashe masu arziki da masu ƙaramin ƙarfi tazarar kaɗan ce: kashi 17.8 da kashi 16.5. Babban bambancin yana wajen samun magani, da irin ukubar da mai lalurar ke sha a hannun jama'a. Yawan haihuwar da aka san Arewa da shi ya sa masu tsara manufofin lafiya ba su cika waiwayar marasa haihuwa ba, alhali a inda ake auna darajar mace da yawan 'ya'yanta, nan ne rashin ɗa ya fi ciwo.

2. Yaushe ake cewa akwai matsala. A likitance, sai ma'aurata sun shekara guda suna saduwa a kai a kai, ba sa amfani da wata hanyar tazarar haihuwa, kuma ciki bai shiga ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ma'auratan da matar ba ta kai shekara 40 ba suna samun ciki a shekarar farko, kuma kusan rabin waɗanda suka rage suna samu a ta biyu. Don haka amaryar wata uku da dangin miji suka fara bi da kallo suna tambayar "har yanzu shiru?" babu wata lalura da aka tabbatar a jikinta. Sai dai idan mace ta haura shekara 35, wata shida ya isa a nemi likita. Idan kuwa al'ada ba ta zuwa daidai, ko akwai tsohon ciwon mara, ko an taɓa yin tiyata a ciki, ko namiji ya san yana da matsala a marainansa, to kada a jira ko da wata ɗaya.

3. Kwanakin ɗaukar ciki. Ƙwan mace yana fitowa sau ɗaya a wata, kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kuma ba ya wuce yini da kwana yana jira. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya kai kwana 5 a jikin mace da ransu. Ke nan kwanakin da ciki zai iya shiga ba su wuce shida ba a kowane wata. Taron ya lura cewa ɗan ci-rani, da direban doguwar tafiya, da ma'aikacin da ke zuwa gida ƙarshen wata, har ma da gidan da rabon kwana ke saɓa wa waɗannan ranaku, duk suna iya shekara ba ciki alhali kowa lafiyarsa ƙalau.

4. Kason namiji. Binciken likitanci ya tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matarsa. Duk da haka mambobinmu sun shaida cewa mata ne ke cika layin asibiti su kaɗai, kuma idan aka ce ta zo da maigida, saƙon da take dawowa da shi shi ne: "Ya ce shi lafiyarsa lau." Taron ya jaddada cewa ƙarfin saduwa daban, ingancin maniyyi daban. Namiji yana iya zama cikakken mai kuzari, ruwansa ya fito da kauri, amma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ciki, kuma ido ba ya ganin wannan sai an sa a madubin likita. Haka nan, cewa mutum ya taɓa haihuwa da wata mata shekaru goma da suka wuce ba ya nuna halin da yake ciki a yau. Manomin da shukarsa ta ƙi tsirowa yakan duba irin da ya zuba kafin ya yanke wa gonar hukunci.

Daga cikin abubuwan da ke raunana namiji akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda ya fi yawa a ɓangaren hagu, ciwon sanyi da ba a yi wa cikakken magani ba har ya toshe hanyar maniyyi, hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka maraina, marainan da ba su sauko ba tun yarinta, tsargiya, ciwon suga, sigari, wiwi da tiramadol. Taron ya ja hankali musamman kan allurar sinadarin maza, testosteron, da magungunan gina jiki: suna iya ƙara kuzari na ɗan lokaci, amma suna dakatar da samar da ƙwayoyin maniyyi.

5. Kason mace. Rashin haihuwa iri biyu ne: na wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, da na wadda ta taɓa ɗauka, ko ta haihu ko ta yi ɓari, sannan abin ya tsaya. Na biyun ya fi yawa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kuma babban sanadinsa shi ne toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Cututtukan saduwa kamar gonoriya da kilamidiya suna jawo wannan toshewa, kuma kilamidiya takan yi ɓarnarta shiru, ba ciwo ba alama. Haka ma cutar da ke shiga mahaifa bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsafta, da zubar da ciki a hannun wanda bai ƙware ba, da tarin fuka idan ya sauka mahaifa. A yankunan noman rani, kamar Kadawa da Kura a Jihar Kano da Bakolori a Zamfara, tsargiya tana kama al'aurar mata, ana ta ɗaukarta sanyi ce.

Sai rashin fitar ƙwai. Mafi yawansa daga lalurar da likitoci ke kira PCOS yake, wadda alamominta suka haɗa da tsallaken al'ada na watanni, ƙiba, ƙuraje da tsirowar gashi a haɓa. Yawan sinadarin furolaktin, wanda kan sa nono ya riƙa fitar da ruwa ba tare da shayarwa ba, da matsalar ƙullin maƙogwaro mai jawo maƙoƙo, su ma suna hana ƙwai fita. Ƙarin mahaifa ya yawaita a tsakanin matanmu, amma ba kowane ƙari ke hana ciki ba, sai wanda ya shiga cikin kogon mahaifar ko ya danne bututu. Wankin ciki da aka yi ta maimaitawa yana iya manne bangon mahaifa. Matsanancin ciwon mara lokacin al'ada kuma yana iya zama alamar tsirowar naman shimfiɗar mahaifa a wajenta. Shekaru ma suna da tasu rawar: yawan ƙwai da ingancinsa suna raguwa, raguwar kuma tana ƙara sauri daga wajen shekara 35 zuwa sama. Akwai kuma ma'auratan da duk gwaje-gwajensu za su fito lafiya, su ma akwai abin da za a yi musu.

6. Abubuwan da ake yi da sunan magani suna ƙara cutar. Taron ya nuna matuƙar damuwa kan yankan gishiri da har yanzu ake yi wa wasu mata don wai a buɗe hanya. Ba ya kawo ciki, kuma yana jawo zubar jini da yoyon fitsari. Haka matsin ganyaye da sinadarai masu zafi a gaba, wanda ke ƙona naman wurin har ya haɗe. Haka sayen Clomid, maganin fitar da ƙwai, a kemis ana sha wata da watanni ba awo, alhali idan bututu a toshe yake ko maniyyi babu ƙwaya, ko shekara aka yi ana sha ba zai yi komai ba, sai dai ya kumbura ma'ajiyar ƙwai. Haka kuma kasuwar "sitaf" da ta cika gari: ƙwayar sitafilokokus tana zaune a fatar ɗimbin masu lafiya, kuma ganinta a takardar gwaji ba hujja ba ce ta cewa ita ta hana haihuwa.

Taron ya kuma gyara wani kuskure da ya yaɗu, cewa magungunan tazarar haihuwa suna mayar da mace bakarariya. Ba sa yi. Allurar wata uku tana iya jinkirta dawowar ɗaukar ciki har zuwa wajen shekara guda bayan an daina, amma haihuwar tana dawowa.

7. Gwaje-gwajen farko. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi, mafi araha, kuma ba allura ba yanka. Namiji zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da ruwansa a ɗakin gwaji, a duba yawan ƙwayoyin, motsinsu da surarsu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran ƙwaya miliyan 16 ko fiye a kowace mililita. Idan sakamako bai yi kyau ba, ana maimaitawa bayan kimanin wata uku, domin samar da sabbin ƙwayoyi yana ɗaukar wajen kwana 74, kuma ko zazzaɓi mai zafi yana iya rage su na ɗan lokaci. Ga mace, akwai sikanin na mara, gwajin jini da ke nuna ko ƙwai ya fita, wanda ake yi mako guda kafin al'ada, gwajin sauran sinadaran jiki, da hoton HSG, inda ake zuba ruwa na musamman ta bakin mahaifa a ga ko bututun a buɗe suke. Wannan hoton yana da ciwo da tsada. Taron ya ɗauki matsayar cewa zalunci ne a tura mace ta yi shi alhali ba a duba maniyyin mijinta ba.

8. Magani mataki-mataki ne. Mafi yawan ma'aurata ba sa buƙatar magani mai tsada. Mataki na farko shi ne gyaran rayuwa: sanin kwanakin ɗaukar ciki, barin sigari da kayan maye, rage ƙiba, daidaita suga, da shan folik asid tun kafin ciki ya shiga. Idan akwai ciwon sanyi, a yi wa miji da mata magani tare, kuma a gidan mai mace fiye da ɗaya har da abokan zama, in ba haka ba cutar zagayawa za ta yi ta yi. Mataki na biyu magunguna ne: letrozole ko Clomid don fitar da ƙwai, ƙarƙashin kulawar likita da bibiyar sikanin, yawanci ba a wuce zagaye shida ba, cabergoline ko bromocriptine don sauko da furolaktin, da maganin ƙullin maƙogwaro. Mataki na uku tiyata ce: cire ƙarin da ya tare kogon mahaifa, raba bangon da ya manne, gyara bututun da ɓarnarsa ba ta yi nisa ba, ko ɗaure jijiyoyin maraina da suka kumbura. Na huɗu shi ne a tace maniyyin miji a sa shi kai tsaye cikin mahaifar matarsa ranar fitar ƙwai, wanda ke buƙatar aƙalla bututu ɗaya ya kasance a buɗe.

9. Dashen ɗan tayi. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi sani da IVF. Ana yi wa mace allurai na kimanin kwana 10 zuwa 12 don ƙwai da yawa su nuna, a zuƙo su da siririyar allura, a haɗa su da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Daga nan yaron a cikin uwarsa yake girma wata tara kamar kowane ɗa. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya ranar 25 ga Yulin 1978 a garin Oldham na Ingila, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2010. A 1992 likitoci a Beljiyam suka fito da dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda ɗaya cikin ƙwai, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci ƙwarai. Zuwa yau an haifi sama da yara miliyan 10 ta wannan hanya a duniya. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka fara aikin a Legas cikin shekarun 1980, sannan a 1998 aka yi haihuwar da ta yi suna a asibitin Nisa Premier da ke Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada.

Taron ya ga wajibi ne a faɗi gaskiya game da nasararsa. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan wannan aiki a Birtaniya sun nuna cewa ga macen da ba ta kai shekara 35 ba, kusan dashe ɗaya cikin uku ne ke kai wa ga haihuwa, ga wadda ta kai 43 kuwa bai wuce biyar cikin ɗari ba idan da ƙwanta aka yi. Kuɗin zagaye guda a ƙasar nan yana kai miliyoyin naira. Duk asibitin da ya ba da tabbacin ciki ɗari bisa ɗari, a guje shi.

10. Matsayin addini. Malaman da suka halarta sun tunatar da cewa haihuwa kyauta ce daga Allah, kuma ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun ambaci rashin haihuwa cikin rabon da Yake yi wa bayinSa, ba tare da ware mace daga namiji ba. Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare su, sai da suka tsufa suka samu ɗa. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma hakan bai rage mata daraja ba. Sun bayyana cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Game da dashen ɗan tayi, sun kawo fatawar Sheikh Jadul Haƙ ta 1980 a Masar, da matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986: ya halatta idan maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Aron maniyyi, ko ƙwai, ko mahaifar wata, bai halatta ba saboda kare nasaba. Har batun dasa wa kishiya ɗan tayin abokiyar zamanta, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda da shi a 1984, ta kuma janye yardar a 1985. Mahalarta Kiristoci sun bayyana cewa majami'u sun sha bamban, Cocin Katolika ba ta amince da wannan hanya ba, wasu kuwa sun amince tsakanin miji da mata, don haka kowa ya tuntuɓi shugabannin addininsa.

11. Masu cin kasuwa da hawayen mutane. Taron ya yi tir da masu tallar "maganin haihuwa sha yanzu" a tashoshin mota, gidajen rediyo, Facebook da TikTok. Lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba ko yana da guba, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba. An kuma tuna da binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Nuwamban 2024 daga Jihar Anambra, inda ake yi wa mata allurai cikinsu ya kumbura, a ce musu suna ɗauke da cikin da na'ura ba ta gani, daga baya a miƙa musu jariran da aka sayo. Duk macen da aka ce mata cikinta ya kwanta, ko na'ura ba za ta gan shi ba, ta je asibitin gwamnati a yi mata gwajin jini da sikanin.

12. Raɗaɗin da ba a gani. Matan da suka yi magana sun ambaci gorin kishiya, habaicin dangin miji, kiran mutum juya a gaban jama'a, saki, da korar mace daga gida bayan rasuwar miji. Maza kuma sun ambaci kunya da rashin wanda za su faɗa wa. Taron ya ɗauki wannan damuwa a matsayin ɓangare na lalurar, wadda ita ma take buƙatar kulawa.

Matsayar taro da kiraye-kiraye

Bisa abubuwan da suka gabata, taron ya cim ma matsaya kamar haka:

1. Ga ma'aurata: ku je asibiti tare tun zuwan farko, ku je da wuri, ku kuma adana duk takardun gwajinku don kada a riƙa maimaita abin da aka riga aka yi. Addu'a da asibiti a haɗa su lokaci guda, kada a bar ɗaya sai an gaji da ɗaya.

2. Ga magidanta: kai ne shugaban gida, to ka zama na farko da za a gwada. Ƙara aure halal ne, amma ba gwajin asibiti ba ne, kuma wanda matsalar take jikinsa zai ƙara yawan matan da za a zarga ne kawai. Kuɗin lefe guda ya isa a yi wa miji da mata duk gwaje-gwajen farko.

3. Ga iyaye da dangi, musamman iyayen miji: surukarku 'yar wasu ce da aka ba ku amana. Maimakon matsa wa ɗanku ya saki ko ya ƙara, ku matsa masa ya je a duba shi. Ku kuma kula da yaranku maza: jaririn da ba a ji marainansa biyu a mazauninsu ba a kai shi asibiti kafin ya kai shekara guda, yaron da ciwon maraina ya kama farat ɗaya kuma a garzaya da shi, domin idan murɗewa ce, bayan kimanin awa 6 akan rasa marainin.

4. Ga malamai da limamai: a shigar da wannan batu cikin huɗuba, wa'azi da nasihar ɗaurin aure. A bayyana wa maza cewa gwajin maniyyi don neman magani ba abin kunya ba ne, a kuma tsawatar kan gori. A ƙarfafa al'adarmu ta riƙon 'ya'yan dangi da marayu, tare da barin nasabar yaro ga mahaifinsa.

5. Ga masu maganin gargajiya, wanzamai da ungozomomin unguwa: a daina yankan gishiri da matsi kwata-kwata. Duk wadda ta zo muku da kukan rashin haihuwa, ku tura ta asibiti tare da mijinta.

6. Ga ma'aikatan lafiya: kada a fara wa mace magani mai nauyi ko hoton HSG sai an ga sakamakon mijinta. A kare sirrin maza, a tanadar musu wuri mai mutunci na ba da ruwan gwaji. A faɗa wa ma'aurata gaskiyar damarsu da kuɗin da za su kashe tun farko, kuma wanda abin ya fi ƙarfinsa ya tura gaba da wuri, kada ya riƙe mace shekaru har ƙwanta ya ƙare.

7. Ga gwamnatocin jihohi: rigakafin rashin haihuwa yana farawa ne daga ɗakin haihuwa mai tsafta, kulawa bayan ɓari, maganin cututtukan saduwa a asibitocin matakin farko, da rabon maganin tsargiya a makarantu da ƙauyukan bakin ruwa. A sanya gwajin maniyyi, sikanin da gwajin sinadaran jiki cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihohi.

8. Ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa: a samar da cikakkiyar doka da za ta tsara aikin cibiyoyin dashen ɗan tayi, ta tilasta musu rajista da bayyana sakamakonsu na gaskiya, ta kuma kare nasaba. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta, ta shigar da binciken rashin haihuwa cikin abin da take biya. A kafa cibiyoyi masu rangwame inda babu, a ƙarfafa su inda akwai, a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, domin talakan Arewa ya daina sayar da gona don tafiya Abuja ko Legas.

9. Ga NAFDAC da hukumar kula da kafofin yaɗa labarai: a hukunta masu tallar maganin haihuwa na ƙarya, da gidajen da ke sayar musu da fili.

10. Ga 'yan jarida, marubuta da masu shirya finafinan Hausa: a daina nuna marar haihuwa a matsayin muguwar kishiya ko mai bin bokaye. A nuna wa jama'a magidancin da ya riƙe hannun matarsa suka je asibiti tare.

11. A nata ɓangaren, ƙungiyar ta ɗauki alkawarin shirya filin amsa tambayoyi da Hausa a gidajen rediyo, buga ƙaramin littafin bayani da boko da ajami, horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko kan gwaje-gwajen farko da lokacin tura majinyaci gaba, da kafa zauren tallafa wa juna na mata da na maza daban-daban. An naɗa kwamitin da zai bi diddigin waɗannan matsaya, ya kai su ga hukumomin da abin ya shafa, ya kuma gabatar da rahoto a taro mai zuwa.

Godiya

 Godiya ta musamman ga ma'auratan da suka daure suka buɗe sirrinsu domin wasu su amfana, da magidantan da suka miƙe a gaban jama'a suka ce an gwada su, an samu matsalar a jikinsu, sun kuma nemi magani. Muna roƙon Allah Ya azurta duk mai nema da zuriya ɗayyiba, Ya ba waɗanda Ya jarraba haƙuri da abokan zama masu tausayi, Ya kuma ba mu ikon cika abin da muka ɗauka.

Sa hannu:

Shugaban Ƙungiya

Sakataren Kwamitin Rubuta Sanarwar Bayan Taro